Sabar fotal ɗinmu tana ta suma tun da aka saki sakamako, a taimaka

Ɗan Fagge: Salamu alaikum manyanmu. Ina cikin matsala. Akwai fotal ɗin wata kwaleji da nake kula da shi, yana kan saba ta haya a Frankfurt: CPU 2, RAM 4GB, Ubuntu, Nginx (mai karɓar buƙatun masu buɗe shafi), PHP-FPM (mai gudanar da shafukan PHP) da MySQL 8 (rumbun bayanai), duk a inji ɗaya. Ranakun da ba komai lafiya lau yake gudu. Jiya da yamma aka saki sakamakon zangon farko, tun daga lokacin ɗalibai ba abin da suke gani sai 504, wato saƙon cewa an gaji da jiran amsar sabar. Na kashe na kunna sau huɗu, sai ya yi minti goma yana aiki ya sake kwantawa. Rajistara ya kira ni sau tara yau, na ƙarshen ko gaisuwa bai yi ba.

Sarkin Gaggawa: Wa alaikumus salam. 4GB? Ai wayata ma ta fi wannan. Ka ɗaga zuwa 16GB da CPU 8 kawai ka huta.

Ɗan Fagge: Oga da dala ake biya. Kuɗin wannan ɗin ma sai na yi sati biyu ina bin ofishin basa.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a kashe ko kwabo mu fara ganin abin da ke ciwo. Lokacin da yake kwance ɗin, ba bayan ka sake kunnawa ba, ka buga waɗannan ka turo mana: uptime, free -m, vmstat 1 10, sannan dmesg -T | tail -30. Ka kuma duba log ɗin PHP-FPM. Ka daina sake kunna shi haka kawai, duk lokacin da ka yi haka kana share sawun ɓarawo ne da hannunka.

Ɗan Fagge: To Yaya. Log ɗin FPM cike yake da layi ɗaya: server reached pm.max_children setting (5), consider raising it

Sarkin Gaggawa: Ka gani! Shi da kansa ya faɗa maka maganin. Biyar ɗin nan, wato yawan ma'aikatan PHP da ke sallamar masu buɗe shafi a lokaci guda, ita ce ke zuwa da Ubuntu, ba wanda ke barinta. Mayar da ita 100 ka sake kunna FPM.

Ɗan Fagge: Bari in gwada.

Baban Sadiq: Dakata tukuna, turo vmstat ɗin farko.

Ɗan Fagge: Na riga na yi Yaya 🙈

Ɗan Fagge: Innalillahi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yanzu ko SSH, hanyar da nake shiga sabar daga nesa, da ƙyar yake amsawa, harafi ɗaya sai ya yi daƙiƙa biyar kafin ya fito. Shafin kuma ya koma cewa ba ya samun rumbun bayanai kwata-kwata.

Baban Sadiq: Duba dmesg. Zan iya rantsuwa za ka ga Out of memory: Killed process, kuma sunan da ke gaba mysqld ne.

Ɗan Fagge: Wallahi haka ne. Yaya kana ganin allona ne?

Baban Sadiq: A'a, ni ma na taɓa cin wannan tuwon, shi ya sa. Ga abin da ya faru. Kowane ma'aikacin PHP yana riƙe nasa kason na RAM. A ce kowanne 60MB, ɗari sun zama 6GB, kai kuma 4GB gare ka gaba ɗaya har da na MySQL da na tsarin kansa. Da RAM ta cika sai Linux ya fara kwashe kaya zuwa suwaf a kan faifai, shi ne nauyin da ka ji a SSH. Da suwaf ɗin ma ya cika sai ya zaɓi wanda zai kashe don ya tsira, kuma yawanci wanda ya fi kowa cin RAM yake zaɓa. A injinka wannan MySQL ne. Mayar da lambar zuwa 15 a yanzu, ka tada mysql, mu samu numfashi.

Sarkin Gaggawa: To ai maganata ta fito kenan, RAM ce ba ta isa ba.

Maman Ilham: Malam Sarki, RAM ba ta isa ba ne bayan an cusa mata mutum ɗari. Ka je gidan mai ka ga layi har titi, famfo ɗaya ke aiki kuma a hankali yake zuba. Sai ka ce a ƙaro yara ɗari masu riƙe tiyo? Tambayar ita ce me ya sa ma'aikata biyar ɗin suka kasa sallamar mutane. Lissafin ba wuya: in buƙata 20 ke shigowa a daƙiƙa, kowace tana ƙarewa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, ma'aikata 4 sun isa. In kowace tana cin daƙiƙa 8, kana buƙatar 160. Yawan ɗaliban bai canja ba, jinkirin ne ya ninka buƙatar. Wannan ita ce dokar Little da ake koyarwa a darasin layin jira.

Ɗan Fagge: Na mayar 15. Ga abin da na samu yanzu da ɗalibai suka dawo:
load average: 14.2, 11.8, 9.5
vmstat: r tsakanin 1 da 3, b tsakanin 9 da 12, si da so sun koma 0, us kamar 25, wa kamar 60, st 1
free: available 2100
Lod 14 a kan CPU 2, ashe ba CPU ne ya gaza ba?

Baban Sadiq: Nan ne mutane da yawa suke ɓata. A Linux lambar lod ba masu jiran CPU kaɗai take ƙirgawa ba, tana haɗawa da waɗanda suka maƙale suna jiran faifai, waɗanda umarnin top yake sa wa alamar D. Tun 1993 aka mayar da ita haka. Dubi lambobinka: r ƙarami ne, wato masu jiran CPU ba su da yawa. b, masu jiran faifai, shi ne babba, gurbin wa kuma, wato kason lokacin da CPU ke zaman jiran faifai, 60 cikin ɗari. Injin zaune yake yana jiran faifai. Da ka sayi CPU 8 ɗin, da CPU takwas ne za su zauna suna hamma tare. Af, layin farko na vmstat kada ka riƙa kula shi, matsakaici ne tun daga lokacin da aka kunna injin.

Na Damagaram: Sannunku da aiki. Ni st ɗin nan nake fara dubawa kullum a saba ta haya. Shi ne lokacin da maƙwabtanka a injin gaske suka ƙwace maka. Na taɓa yin kwana uku ina zargin aikina, ashe st na kai 30, wani maƙwabci ne ke cinye komai. Na kamfanin suka matsar da ni wani injin, magana ta ƙare. Amma naka 1 ne, ba nan take ba.

Maman Ilham: RAM 2GB a zaune ba aikin komai, faifai kuma na shan wahala. Na san warin nan. Ɗan Fagge shiga mysql ka buga SHOW VARIABLES LIKE 'innodb_buffer_pool_size'. Sannan ka gaya mini girman teburin sakamakon. Ka kuma kunna log ɗin tambayoyi masu jinkiri:
SET GLOBAL slow_query_log = 1;
SET GLOBAL long_query_time = 1;
Asalinsa daƙiƙa 10 ne, wanda ya yi yawa, tambaya mai cin daƙiƙa 9 za ta wuce ba a rubuta ta ba. Ba sai ka sake kunna MySQL ba.

Ɗan Fagge: Hajiya ya nuna 134217728. Teburin sakamako layi miliyan 1.4 ne, kusan 900MB, don tun 2016 ba a taɓa cire komai ba.

Maman Ilham: 128MB kenan, yadda ya zo daga masana'anta. Ka ɗauke shi kamar teburin ɗan tireda: abin da ke kan tebur miƙa hannu kawai zai yi, abin da babu sai ya tafi sito. Teburinka na ɗaukar 128MB, kayanka 900MB. Amma ko da haka, ɗalibi ɗaya kwas goma ko sha biyu yake nema, bai kamata a je sito fiye da sau kaɗan ba. Sai dai in ana zazzage siton gaba ɗaya saboda kowane ɗalibi. Turo abin da log ɗin ya kama.

Ɗan Fagge: Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa:
SELECT * FROM results WHERE adm_no = 2210457 AND session = '2023/2024'
Query_time: 7.9, Rows_sent: 11, Rows_examined: 1402316

Maman Ilham: Ga ɓarawon nan. An duba layi miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu don a ba da sha ɗaya. Babu fihirisa a kan adm_no. Kamar a ce maka nemo babi ɗaya a littafi mai mujalladi goma ka fara daga shafin farko kana karantawa, kowane ɗalibi ya zo ka sake daga farko.

Ɗan Fagge: Hajiya da girmanki, akwai fihirisa. Ni na saka da hannuna bara. SHOW INDEX ya nuna idx_adm a kan adm_no.

Maman Ilham: Ikon Allah. To sa EXPLAIN a gaban tambayar ka turo.

Ɗan Fagge: type: ALL, possible_keys: idx_adm, key: NULL

Sarkin Gaggawa: Fihirisar ta lalace ne. Goge ta ka sake ginawa. Ko ma ka bar MySQL ɗin nan ka koma PostgreSQL, tsohon yayi ne.

Admin: Malam Sarki don Allah, mutum gidansa na ci da wuta kana ce masa ya canja unguwa.

Baban Sadiq: Ya san da fihirisar, ga ta nan a possible_keys, amma ya ƙi amfani da ita. Akwai dalili. Ƙanena, adm_no wane iri ne a teburin? Turo SHOW CREATE TABLE.

Ɗan Fagge: varchar(20)

Maman Ilham: Shi ke nan! Baban Sadiq ya riga ni. Sake kallon tambayar da ka turo: session yana cikin alamar zance, adm_no kuma tsirara yake, 2210457 a matsayin lamba. Gurbin rubutu ne, kai kuma ka kwatanta shi da lamba. In aka yi haka MySQL sai ya mayar da abin da ke kowane layi lamba kafin ya kwatanta, domin rubutu iri-iri na iya zama lamba ɗaya: '7' da '07' da ' 7' da '7a' duk bakwai ne a wajensa. Fihirisar an jera ta ne bisa tsarin rubutu, ba za ta iya nuna masa duk waɗannan a wuri ɗaya ba, sai ya ajiye ta ya bi layi-layi. Abin yana rubuce a littafin jagorar MySQL, amma wa ke karantawa sai ranar da ta ɓaci. Gwada EXPLAIN da '2210457' cikin alamar zance.

Ɗan Fagge: type: ref, key: idx_adm, rows: 46. Tambayar ta ƙare a 0.00 sec. La ilaha illallahu.

Ɗan Fagge: Na gano inda ta fito. Watanni uku da suka wuce wani ya ce mini ana iya yi mana kutse ta akwatin lambar ɗalibi, sai na naɗe ta da intval(), mai mayar da rubutu lamba, don kada a cusa wani abu. Kafin nan a matsayin rubutu take tafiya. Ni na jawo wa kaina kenan. Tun lokacin ba a saki sakamako ba sai jiya.

Baban Sadiq: Niyyarka mai kyau ce, hanyar ce ba ita ba. Ka yi amfani da prepare na PDO ka ɗaura lambar da PARAM_STR, ka samu kariyar kuma fihirisar ta yi aiki. Akwai ma abin da ya fi jinkirin haɗari: in akwai ɗalibi mai 0012345 da wani mai 12345, da intval ɗin nan ɗayansu zai ga sakamakon ɗayan a haɗe da nasa. Ka bincika ko akwai masu sifili a gaba.

Ɗan Fagge: Akwai 'yan difloma na da, lambarsu da sifili take farawa. Allah Ya rufa asiri ba wanda ya yi karo da wani. Na gyara layin, na tura.

Maman Ilham: Tunda kana ciki, ka yi fihirisa mai haɗa biyu, (adm_no, session), a wannan jerin. InnoDB, injin da ke riƙe teburan MySQL, na gina ta ba tare da ya hana rubutu a teburin ba, amma duk da haka ka bari sai dare. Sannan ka ɗaga innodb_buffer_pool_size zuwa 1G. Za ka ga ana cewa a ba shi kashi 70 ko 80 cikin ɗari na RAM, wannan na injin da MySQL ne kaɗai a kansa. Kai kana da PHP a ɗaki ɗaya da shi, in ka ba shi 3GB za ka koma gidan jiya. Ka rubuta shi a fayil ɗin saiti ma, don kada ya ɓace in an sake kunnawa.

Sarkin Gaggawa: A kunna query cache ma, yana taimakawa sosai.

Maman Ilham: An cire shi gaba ɗaya a MySQL 8.0. In ka sa saitinsa a fayil ɗin ma sabar ƙin tashi za ta yi. Rubuce-rubucen da ke ba da wannan shawarar na zamanin 5.5 ne.

Sarkin Gaggawa: To na ji. Amma ku yarda biyar ɗin nan ta yi kaɗan, a nan dai ban yi ƙarya ba.

Baban Sadiq: Ba ka yi ƙarya ba, ta yi kaɗan. Lambar da ka bayar ce babu lissafi a bayanta. Ƙanena ga yadda za ka fitar da taka: 4GB, cire 1.3 na MySQL da 'yan kayansa, cire kamar 500MB na tsarin da Nginx, saura wajen 2.2GB. Duba a top nawa ma'aikacin PHP ɗaya yake ci a gurbin RES lokacin cunkoso, ka raba. In 60MB ne ka samu 36, sai ka sa 30 ka bar sarari. Da CPU 2 ma ba lallai ka ga amfanin wuce haka ba.

Ɗan Fagge: Alhamdulillah jama'a. Lod ya sauko 1.6, wa ya koma 3, shafin sakamako na buɗewa nan take. Sai dai na lura wasu ma'aikatan suna kai 190MB, ba 60 ba.

Na Damagaram: Akwai wurin da ake buga takarda PDF?

Ɗan Fagge: Eh, takardar sakamako mai hoton ɗalibi, da dompdf.

Na Damagaram: To hotunan ne. Ɗalibi ya ɗauka da waya ya ɗora yadda yake, 4000 a 3000. A faifai 3MB ne, amma in PHP ya buɗe shi sai ya baje ɗigo miliyan 12, kowane ɗigo bayit 4, kusan 48MB kenan don hoton da za a buga kamar girman kan sarki. Ka rage su tun lokacin ɗorawa zuwa 300 a 400, tsofaffin kuma ka bi su da dare ka rage. Kuma takardar da aka buga sau ɗaya ka adana ta, ɗalibi ɗaya sai ya sauke sau shida, na kansa, na babansa, na mai shagon buga takardu. Ka sa pm.max_requests kamar 500 don ma'aikacin da ya kumbura a sallame shi a kawo sabo.

Ɗan Fagge: Wannan sai ƙarshen mako, amma na rubuta. Na gode Malam.

Abu Hanifa: Na zo a makare. Ni tambayata, me ya kai fotal ɗin ɗaliban Arewa Jamus? Ku dawo da shi Legas mana. Haske a cikin wayar fiber kilomita 200 kawai yake yi a milisakan ɗaya, ba saitin da zai canja wannan. Daga nan in na yi ping zuwa Frankfurt ina ganin wajen 150, kuma kafin shafi ya fara zuwa sai an yi kai da komo na TCP, an yi na TLS, sannan buƙatar kanta. Kun manta 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kodebuwa? WACS, MainOne, SAT-3 da ACE duk a rana ɗaya. Wanda kayansa ke waje ya ji jiki.

Baban Sadiq: Maganarka akwai ƙamshin gaskiya, musamman ta ranar yankewar. Amma ka auna: kai da komo uku a 150 bai kai rabin daƙiƙa ba, tambayar nan kuma daƙiƙa 8 take ci. Da ya kwashe ya koma Legas da intval ɗinsa, da 504 ɗin ta bi shi, sai dai ta riƙa isowa da wuri. Sannan zama a Legas ba ya nufin hanyar gajera ce, sai in kamfanin da layin wayar ɗalibin suna haɗuwa a IXPN, mahaɗar kamfanonin intanet ta Najeriya. Na taɓa bin sawun wata saba ta Legas da mtr na ga ta leƙa Landan ta dawo.

Abu Hanifa: Wannan kamfanin ne bai iya aiki ba, ba laifin Legas ba. Kuma da naira za ka biya.

Baban Sadiq: Biya da naira hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Shi dai ya tambaye su ko faifansu SSD ne, da yadda suke yi in wuta ta ɗauke, kafin ya ɗaga ƙafa.

Admin: Maganar Legas da Frankfurt a buɗe mata nata zaren, kullum sai ta cinye mana hira.

Ɗan Fagge: Salam, na dawo da rahoto. Jiya lafiya lau har dare. Amma da misalin ƙarfe ɗaya na dare malaman da ke shigar da maki suka ce ya tsaya musu cak na minti shida, masu dubawa kuma ba abin da ya same su. Ni ban sa komai a ƙarfe ɗaya ba.

Maman Ilham: Me ka sa a sha biyu?

Ɗan Fagge: Bakof, wato kwafin ajiya na bayanai, mysqldump a cron mai tada aiki da kansa a kan lokaci.

Maman Ilham: Buga timedatectl. Agogon sabar UTC ne, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, sha biyunsa ƙarfe ɗayanmu ne. Kuma mysqldump in ba ka ce masa komai ba kulle tebura yake yi, mai karatu ya wuce, mai rubutu ya jira. Tunda InnoDB ne ƙara masa --single-transaction. Malaman nan kuma me suke yi da maki ƙarfe ɗaya na dare?

Ɗan Fagge: Lokacin ne garaɓasar data ta dare, kuma wa'adin da aka ba su gobe ne 😂 Na ƙara, na kuma matsar da shi ƙarfe huɗu na asuba agogonmu.

Baban Sadiq: Bakof ɗin a ina yake sauka?

Ɗan Fagge: A /home na sabar.

Baban Sadiq: Sabar guda? Ka taɓa gwada dawo da shi a wani injin ka ga ko yana tashi?

Ɗan Fagge: Yaya bari in yi sallar azahar in dawo.